Tambaya Daban, Umurni Daban: Yadda Na'urori Ke Roƙon Juna a Intanet

 

Akwai abubuwa biyu waɗanda kusan duk mai wayar hannu ya taɓa gamuwa da su, ko da ya ke ba kowa ne ya tsaya ya tambayi dalilinsu ba. Na fari, in mutum ya buɗe wani shafi a intanet karo na farko, sai ya ga yana nawa, hotuna suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, amma in ya komo masa bayan ɗan lokaci sai ya buɗe nan da nan. Na biyu, sa'ad da mutum ya ke Landan ko Jidda yana so ya aika wa iyayensa kuɗi a Kumasi ko Garwa, in ya danna wurin aikawa sai ya ga an gargaɗe shi kada ya sake dannawa, kada kuma ya koma baya, sai an gama. To, me ya sa a ke maimaita wancan ba tare da fargaba ba, amma a ke jin tsoron maimaita wannan? Abubuwan nan biyu tushensu ɗaya ne, shi ne kuwa za mu duba yau.

Da fari ya kamata mu san cewa manhajar da ke cikin wayarku, ko ta banki ce, ko ta labarai, ko ta sayen tikitin jirgi, ba ta riƙe da yawancin abin da ta ke nuna muku. Roƙowa ta ke yi daga wata babbar na'ura da ke can wani wuri, wadda a ke kira uwar garke. Hanyar da aka shirya domin wata manhaja ta roƙi wata, masana suna kiranta da haruffa uku, API. Ku ɗauke ta kamar tagar gidan waya. Ba a barin kowa ya shiga ciki ya yi ta binciken akwatuna. Sai dai mutum ya tsaya bakin taga, ya miƙa takardarsa a rubuce bisa ga ƙa'ida, akawu ya karɓa ya duba, ya ba shi amsa.

Ƙa'idar rubuta wannan takarda sunanta HTTP. Wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya ƙago ta sa'ad da ya ke aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN, kusa da birnin Jeneba a ƙasar Suwizalan. Cikin 1989 ya rubuta shawararsa, zuwa 1991 kuwa abin ya fita duniya. A kan kowace takardar roƙo, kalmar farko ita ce ke faɗin irin roƙon, sa'an nan adireshin abin da a ke nufi ya biyo baya. A farkon al'amari kalma ɗaya tak ce, GET, watau ɗauko mini. Cikin 1996 aka buga ƙa'idar da ta ƙunshi POST, watau karɓi wannan ka yi aiki da shi, da kuma HEAD, watau faɗa mini bayanin abu amma kada ka aiko shi. Cikin 1997 aka tabbatar da PUT, watau ajiye wannan a wurin nan a madadin abin da ke can, da DELETE, watau share. PATCH, watau yi ɗan gyara, sai 2010 ta shigo. Ƙungiyar injiniyoyi mai suna IETF ita ke kula da waɗannan ƙa'idodi, ta kuma sake tace su cikin 2022.

Ba haddar sunayen nan na ke so ku yi ba. Abin da na ke so ku riƙe shi ne, kowace kalma daga cikinsu alkawari ce. Wanda ya rubuta GET yana cewa, tambaya kawai na ke yi, ban nemi a sāke kome ba. Uwar garken da ta karɓa kuwa ta yi alkawari cewa amsa wannan tambaya ba za ta ɓata kome ba, ba za ta cire kuɗin kowa ba, ba za ta share rubutun kowa ba. Mutumin da ya shiga kasuwa ya tambayi kuɗin buhun shinkafa sau goma, bai sayi ko tiya ɗaya ba, mai kanti ba shi da abin da zai bi shi. Wannan shi ne GET. Amma wanda ya ce a auna masa buhu a kai gida, in ya faɗi haka sau biyu ga yara biyu na kantin, to, buhu biyu za su iske shi a ƙofar gida, kuɗin biyu kuma za a nema. Wannan shi ne POST.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wani aji na uku, wanda ya kan rikita ɗalibai. PUT da DELETE suna sāke abu, lalle, amma maimaita su ba ya ƙara kome. In ka ce wa magatakarda ya rubuta cewa adireshinka yanzu Unguwar Nima ne a Akkara, ka sake faɗa masa sau uku, adireshin dai Nima ne. In ka ce ya share sunan wane daga littafi, ya share, ka sake cewa ya share, iyaka ya ce maka ai babu shi. Amfanin wannan shi ne, in waya ta yanke a tsakiyar magana, na'urarka ba ta san ko saƙon ya isa ko bai isa ba, tana iya sake aikawa da kanta hankali kwance. Da POST ba ta da wannan dama.

Yanzu mu juya ga batun ajiya, inda amfanin alkawarin nan ya fi fitowa fili.

Saƙon intanet tsakanin ƙasa da ƙasa galibi cikin wayoyi na zaren gilashi ya ke tafiya, waɗanda aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, a matsayin haske. Haske cikin gilashi yana cin wajen kilomita 200,000 cikin sakan ɗaya. Wannan gudu ne wanda hankali ba ya iya kamawa, amma duk da haka yana da iyaka. Daga Akkara zuwa Landan ya ɗara kilomita 5,000 in an miƙe sak, wayar teku kuwa ba ta miƙewa sak, gaɓa ta ke bi. Saboda haka zuwa da komowa ba zai kasa kashi ɗaya cikin ashirin na sakan ba, ko da babu wani tsaiko a hanya, tsaiko kuwa ba ya rasuwa. Wanda ke Njamena tafiyarsa ta fi haka, domin Cadi ba ta da teku, sai saƙon ya ratsa ƙasar maƙwabta kafin ya kai gaɓa. Wanda kuma ya dogara ga tauraron ɗan'adam irin mai tsayawa daidai wuri ɗaya a sama, kilomita kusan 36,000 daga ƙasa, tambayarsa za ta hau ta sauka, amsa ta hau ta sauka, kusan rabin sakan ke nan ya tafi. Kada ku raina wannan. Shafi guda ya kan nemi abubuwa da dama, hotuna da rubutu da sauransu, waɗansu kuma ba a iya neman su sai waɗansu sun iso. In kowane sai an je can asalinsa, jira ya yi yawa, kuɗin waya ma ya yi yawa.

Dabarar da aka yi tsohuwa ce, malamanmu na dā sun san ta. In akwai wani littafi a wurin wani shehi a gari mai nisa, ba kowane almajiri ne zai yi tafiyar wata guda don ya karanta shi ba. Ɗaya zai je ya kwafo, ya kawo gari, saura su karanta a wurinsa, waɗansu ma su kwafa daga kwafinsa. Haka na'urori ke yi. Amsar da aka samo sai a ajiye kwafinta a kusa, in an sake yin tambayar nan sai a ba da kwafin. Wurin da a ke ajiyewa za mu kira shi ma'ajiyar kusa. Akwai ɗaya cikin wayarku kanta, ita ce dalilin da shafi ke saurin buɗewa karo na biyu. Akwai kuma manya a zango-zango bisa hanya, waɗanda kamfanoni suka kafa a birane da yawa na duniya domin su yi wa dubban mutane hidima. Ɗaya daga cikin na farkon irin waɗannan kamfanoni shi ne Akamai, wanda aka kafa a Amurka cikin 1998. Google da Netflix ma su kan kai na'urorinsu su ajiye cikin gidajen kamfanonin waya na ƙasashe, don bidiyon da jama'a suka fi kallo ya kasance a cikin ƙasa. Mutanen Afirka ta Yamma sun ga yadda nisan nan ya ke na gaske ran 14 ga Maris 2024, sa'ad da wayoyin teku huɗu suka yanke daura da gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a Gana da Nijeriya da maƙwabtansu.

A dā kamfanonin waya da jami'o'i su kan kafa ma'ajiya tasu su tare duk abin da ya wuce, da manhaja irin su Squid. Yanzu wannan ya ragu ƙwarai, domin yawancin saƙonni a kulle su ke tafiya, wanda ke tsakiyar hanya ba ya iya karanta su. Ma'ajiyun da suka rage su ne na cikin na'urar mutum, da waɗanda mai shafi da kansa ya ba amana.

To, a nan tambaya biyu ke tasowa. Wace amsa ce ta halatta a ajiye? Kuma har yaushe?

Amsar ta fari tana komawa ga kalmar nan ta kan takarda. Ma'ajiya ba ta da hankali, ba ta san banki ba, ba ta san asibiti ba. Kalma ta ke dubawa da adireshi. In ta ga GET, ta san tambaya ce, ba laifi ta amsa a madadin uwar garke, ba sai saƙon ya kai can ba. In ta ga POST ko PUT ko DELETE, ta san umurni ne, tilas ta bar shi ya wuce har wurin mai iko, domin almajirin da ke riƙe da kwafi ba shi da ikon gyara littafin shehi. Ƙa'ida ta ma ce in irin wannan umurni ya wuce ta kanta ya yi nasara, to, ta ɗauki kwafin da ke hannunta na wannan adireshi ya tsufa. Amma fa ma'ajiyar da umurnin ya bi ta kanta kaɗai ce ta sani. Sauran da ke waɗansu birane ba su ji labari ba.

Wannan ya kawo mu ga tambaya ta biyu, wadda ta fi wuya. In shehi ya gyara kuskure cikin littafinsa, kwafin da ke garuruwa suna nan da kuskurensu. Maganin farko shi ne uwar garke ta rubuta wa'adi a kan amsa, da sakan a ke lissafa shi. In ta rubuta 3,600, awa ɗaya ke nan. In ta rubuta 86,400, kwana ɗaya. Hoton tambarin kamfani ana iya ba shi shekara guda, amma kuɗin canji na yau minti kaɗan ya dace da shi. Masu gini suna da wata dabara game da abin da suka ba dogon wa'adi: in sun sāke shi, sai su sāke masa suna, adireshi ya zama sabo, babu ma'ajiyar da ke da tsohon kwafi a ƙarƙashin sabon suna.

Magani na biyu shi ne hatimi, ni kuwa a ganina ya fi kowane kyau. Uwar garke ta kan buga wa kowace amsa wata 'yar alama ta haruffa da lambobi, wadda ke sākewa duk sa'ad da abin ya sāke. In wa'adi ya cika, ma'ajiya ba ta jefar da kwafinta ba. Sai ta aika ta ce, ina da mai hatimi kaza, in har yanzu shi ne kada ki wahala. In abin bai sāke ba, uwar garke ta amsa da lamba 304 kawai, ba tare da kayan ba, ma'ana abin da ke hannunki yana nan daram. An yi tafiya, gaskiya ne, amma ba a ɗauko kaya ba, kuma wanda ke sayen data da ɗan abin da ya samu ya san bambancin. Lamba 404 da ku kan gani in shafi ya ɓace 'yar'uwar wannan ce, haka 200, wadda ke nufin ga abin da ka nema.

Hatimin nan yana da wani amfani a wajen umurni. A ce akawu biyu sun buɗe takardar majinyaci ɗaya, kowa ya yi gyaransa. Na fari ya ajiye, na biyu ya ajiye a kai, gyaran na fari ya ɓace ba wanda ya sani. Amma in na biyu ya haɗa da sharaɗi, ya ce a karɓi gyarana in hatimi yana nan yadda na gan shi, to, za a mayar masa da lamba 412, a ce an riga ka, sake dubawa.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye. Adireshi ɗaya yana iya ba da amsa da Hausa ga wani, da Faransanci ga wani, da Larabci ga wani, gwargwadon harshen da wayar mutum ta ce ta fi so. In uwar garke ba ta gaya wa ma'ajiya cewa amsar tana bin harshe ba, sai mutumin Marwa ya fara tambaya a ajiye ta Faransanci, na bayansa ya nemi Hausa a miƙa masa Faransanci. Layi ɗaya ne a ke ƙarawa a kan amsa ya hana wannan, amma a kan manta da shi.

Sai mu ga abin da ke faruwa in an karya alkawari. Cikin watan Mayu 2005 kamfanin Google ya fito da wata manhaja mai suna Web Accelerator, wadda aikinta hanzarta buɗe shafuka. Dabararta ita ce, tun mutum yana karanta shafi, ita sai ta riga shi ta bi mahaɗan da ke ciki ta ɗauko abin da ke bayansu ta ajiye, don in ya danna ya iske an riga an kawo. Ta dogara ga alkawarin nan cewa GET tambaya ce kawai. Ashe masu gini da yawa sun yi sakaci, sun sa umurnin sharewa a bayan mahaɗi na GET, domin ya fi sauƙin rubutawa. Wani kamfani na Shikago mai suna 37signals, mai manhajar Backpack ta ajiye bayanai, ya ba da sanarwa cewa masu hulɗa da shi suna iske shafukansu sun ɓace. Akwai ɗan akwatin da ke fitowa ya tambayi mutum ko ya tabbata yana so ya share, amma na'ura ba ta tsaya ta karanta shi ba, ta wuce abinta. An yi ta muhawara a kan mai laifi. Ni dai ina ganin kowa yana da rabonsa: ƙa'ida tana bayan Google, tun da a rubuce ta ke shekaru kafin nan, amma wanda zai saki abu cikin jama'a ya kamata ya duba yadda jama'a ke yi, ba yadda littafi ya ce su yi kaɗai ba. Har yau kuwa haɗarin yana nan, domin na'urorin bincike da masu tace wasiƙu suna bin mahaɗai dare da rana ba tare da sun tambayi kowa ba.

Misali na biyu ya fi ban tsoro. Ran 25 ga Disamba 2015, kantin wasannin kwamfuta mai suna Steam, na kamfanin Valve a Amurka, ya sha farmaki daga masu aiko da roƙo barkatai don su durƙusar da shi. Don a rage wa uwar garke nauyi, aka ƙara dokokin ajiya cikin gaggawa, aka yi kuskure, ma'ajiya ta shiga ajiye shafukan da ke na mutum ɗaya ɗaya. Sai ga wani ya buɗe shafinsa ya iske na wani, da adireshinsa na imel da tarihin sayayyarsa. Kamfanin ya ce abin ya shafi wajen mutum 34,000, ya kuma ɗauki kamar awa ɗaya da rabi kafin a rufe kantin a gyara. A nan GET ba ta ɓata kome ba, tambaya ce ta gaske. Amma ba kowace amsa ce ta kowa da kowa ba. Saboda haka ƙa'ida ta tanadi alamu: wata ta ce wannan na kowa ne, wata ta ce na mutum ɗaya ne, a ajiye cikin na'urarsa kaɗai, wata kuma ta ce kada a ajiye ko'ina. Akwai ta huɗu wadda sunanta na Turanci ke ruɗin mutane, su ɗauka tana hana ajiya, alhali cewa ta ke a ajiye amma a duba hatimi kowane karo.

Mu koma ga mai aika kuɗi gida. Ya danna, wayarsa ta aika POST, sai layi ya yanke kafin amsa ta komo. Abu biyu ne mai yiwuwa: ko umurnin bai isa ba, ko ya isa an cire kuɗi amsar ce ta ɓace a hanya. Daga inda ya ke babu yadda za a rarrabe. In ya sake dannawa, watakila ya biya sau biyu. In bai sake ba, watakila mahaifiyarsa ta je karɓa ta tarar babu kome. Dalilin gargaɗin nan ke nan. Masu gini na ƙwarai sun sami magani, wanda kamfanin biyan kuɗi na Stripe ya yi suna da shi. Kafin a aika, wayar ta ƙirƙiro wata lamba wadda ba ta da biyu, ta manna wa umurnin, kamar lambar rasit. In umurni ya sake zuwa da lambar nan, uwar garke ta duba littafinta ta ga ta riga ta yi wannan aiki, sai ta maido da amsar farko ba tare da ta sake taɓa kuɗi ba. Amma ku da ke riƙe da waya ba ku da hanyar sanin ko manhajarku tana yin haka. Don haka in abu ya tsaya a tsakiya, ku duba tarihin asusunku tukuna, ko ku jira saƙon shaida, kafin ku sake aikawa.

Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen, wanda ba ya share kome, ba ya tona asirin kowa, amma yana sa kowa jira. Waɗansu masu gini, don gudun rigima, sai su mai da kome POST, har tambaya. Ba a rasa su da hujja ba. Tambayar GET a cikin adireshi a ke rubuta ta, adireshi kuwa yana da iyakar tsawo, ƙa'ida ta ba da shawara a karɓi haruffa 8,000 aƙalla, amma babu tabbacin abin da ya wuce haka. Bugu da ƙari adireshi ya kan zauna cikin littattafan tarihi na na'urori da yawa, bai kamata a sa asiri a ciki ba. Tsarin GraphQL, wanda Facebook ya saki ga jama'a cikin 2015, galibi da POST a ke aika tambayoyinsa, duk zuwa adireshi ɗaya. Sakamakon haka ma'ajiyun hanya sun zama makafi, suna ganin umurni ne, sai su bar kowace tambaya ta tafi can asali, ko da mutum dubu sun yi irinta cikin minti ɗaya. Mai zaune kusa da uwar garke a Amurka ba zai ji bambanci sosai ba. Na Njamena da na Omdurman su ke biya.

Wannan shi ne abin da Roy Fielding, ɗaya daga cikin marubutan ƙa'idar HTTP, ya yi bayani a kai cikin kundin digirinsa na dakta a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine cikin 2000, inda ya sa wa tsarin suna REST. Ya nuna cewa intanet ya iya ɗaukar jama'a masu yawa haka ne domin kowane saƙo yana ɗauke da bayanin kansa, har na'urar da ke tsakiyar hanya, wadda ba ta san mai aikowa ba ba ta san mai karɓa ba, tana iya duban kansa ta san abin da ya halatta ta yi da shi. Don a toshe giɓin da muka ambata, injiniyoyin IETF sun tsara wata sabuwar kalma, QUERY. Ita tambaya ce kamar GET, ba ta sāke kome, ana iya maimaita ta, ana iya ajiye amsarta, amma tana ɗauke da bayaninta cikin cikin takarda kamar POST, ba a kan ambulan ba. Aikin ma'ajiya a nan ya ƙaru, domin adireshi kaɗai bai isa ta gane tambaya ba, sai ta buɗe ta karanta abin da ke ciki ta gwada da na baya. Kafin irin wannan kalma ta zama ruwan dare kuwa, sai manhajoji da ma'ajiyu da uwayen garke na kamfanoni dabam dabam duk sun koye ta, abin da ya kan ɗauki shekaru.